Makahon Da Ya Tsere Wa Masu Ido A Fagen Lissafi

 A wannan fitowa filin namu na tarihin mutanen da suka shuɗe zai leƙa ƙasar Turai ne, ya ɗauko muku wani malamin lissafi da ya bar duniya fiye da shekara 240 da suka wuce. Sunansa a rubuce Leonhard Euler, amma a baki Oila ake cewa, saboda haka ni ma Oila zan riƙa kiransa.

Na san wani zai ce, to mu me ya haɗa mu da wani Bature, wanda ba addininmu ɗaya ba? Abu biyu suka sa na zaɓe shi. Na farko dai baƙo ne irinmu. Ya bar garinsu yana gab da cika shekara 20, ya tafi neman abinci a ƙasar da ba ya jin harshenta, ya yi aure a can, ya hayayyafa a can, ya mutu a can, bai sake taka garin haihuwarsa ba, amma kuma bai taɓa yar da takardar zamansa ɗan wannan gari ba. Duk wanda ya tsufa a Sabo ko a zango ya san wannan irin zama. Na biyu kuwa wata lamba ce guda ɗaya, watau 2,147,483,647, wadda ya warware sirrinta a lokacin da idanunsa biyu duk sun tafi.

Kafin mu shiga tarihin, bari mu fahimci irin lambar da ake magana a kanta, don kada mu yi tafiyar makauniya a baya. Mu 'yan kasuwa rabo ne aikinmu kullum. Idan aka ba ka goro 12, kana iya raba shi daidai tsakanin mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6, babu wanda zai yi ƙorafi. To amma a ƙara maka guda ɗaya ya zama 13, sai ka ga abin ya cije. Ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a sami mutum 13 kowa ya ɗauki ɗai-ɗai, in ba haka ba sai an fasa goro. Irin wannan lamba Larabawa ke kira adadi awwali, ni kuwa a nan zan ce mata gagara-rabo. Su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, har abin da ya yi sama. Kowace lamba a duniya, in ba ita kanta gagara-rabo ba ce, to da su aka gina ta: 12 ai 2 sau 2 sau 3 ne, 100 kuwa 2 sau 2 sau 5 sau 5. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wani malamin Girka mai suna Uƙlidis ya kafa hujja cewa waɗannan lambobi ba su da ƙarshe. Wahalar ita ce a nuna maka wata ƙatuwar lamba a ce ka faɗi ko tana cikinsu.

An haifi Oila ranar 15 ga Afrilu, 1707, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Mahaifinsa Paul limamin coci ne, kuma ba a daɗe da haihuwar yaron ba aka mai da shi wani ƙauye da ake kira Riehen, nan kusa da birnin, a can Oila ya yi ƙuruciyarsa. Uban ya taɓa karatun lissafi a zamanin samartakarsa, shi ya fara ɗora ɗan a kan hanya. Yana da shekara 13 ya shiga jami'ar Basel, a 1720. A wannan jami'a akwai wani gawurtaccen malami, Johann Banuli, wanda a lokacin da wuya a sami na biyunsa a lissafi duk faɗin Turai, ga shi kuma da zafin rai da kishi. Bai yarda ya zauna ya koyar da yaron shi kaɗai ba, sai ya gaya masa littattafan da zai karanta, ya ce duk abin da ya gagare shi ya kawo masa ranar Asabar da yamma. Wannan ai shi ne tsarin karatun zaure da muka sani: ka je ka yi bita, ka kawo wa malam inda ka maƙale.

Burin uban shi ne ɗansa ya gaje shi a limanci, har yaron ya fara karatun addininsu da harshen Girka da na Yahudu. Banuli ne ya je ya roƙi uban a bar shi ya bi lissafi, kuma uban ya yarda. Ina ganin wannan dattijo ya cancanci yabo, don ba kowane uba ne zai haƙura da abin da ya tsara wa ɗansa ba.

Bai fi shekara 19 ba ya shiga gasar da majalisar masana ta Faris ta sa a kan inda ya fi dacewa a kafa sandunan filafilan jirgin ruwa. Ga shi ɗan ƙasar da ba ta da teku, amma ya zo na biyu. Daga baya ya ci wannan gasa har sau 12. Ya nemi kujerar koyarwa a jami'ar garinsu bai samu ba. Ana nan sai ga kira daga Rasha, inda Sarki Bitrus Babba ya kafa majalisar masana a sabon birninsa San Fitasbag. 'Ya'yan Banuli biyu suna can, ɗaya ya rasu a 1726, ɗayan kuwa, Daniel, ya yi wa abokinsa hanya. Oila ya bar gida a watan Afrilu na 1727, ya bi kogi, ya bi ƙasa, ya bi teku, ya isa a watan Mayu. Abin ka da rashin sa'a, a watan nan ne sarauniyar da ke ɗaukar nauyin majalisar, Katarina ta Farko, ta mutu, waɗanda suka karɓi mulki kuwa ba su damu da baƙin malamai ba. Ya dai daure. A 1733 Daniel ya koma gida, aka ba Oila babbar kujerar lissafi yana ɗan shekara 26. A farkon 1734 ya auri Katharina Gsell, 'yar wani mai zane, shi ma mutumin Suwizalan mazaunin birnin. Ka ga auren 'yar gida a baƙon wuri ba mu muka fara ba. Sun haifi 'ya'ya 13, amma 5 ne kawai suka wuce ƙuruciya.

To yanzu mu koma ga lambobi. Ka ɗauki 2 ka yi ta ninkawa: mataki na 1 shi ne 2, na 2 shi ne 4, na 3 shi ne 8, na 4 shi ne 16, na 5 shi ne 32, haka har gaba. Ka riƙe wannan tsani a kanka, don duk labarin a kansa yake tafiya.

Wajen 1640 wani alƙali Bafaranshe mai suna Farma, wanda lissafi ne abin shaƙatawarsa, ya lura cewa in ka ɗauki mataki na 1, na 2, na 4, na 8 da na 16, ka ƙara wa kowanne 1, za ka sami 3, 5, 17, 257 da 65,537, kuma dukansu gagara-rabo ne. Sai ya ce lallai haka abin zai ci gaba har abada, ko da yake ya amsa cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Saboda girman Farma, magana ta zauna kusan shekara 90. A ƙarshen 1729 wani abokin Oila, Kirista Goldbak, ya ja hankalinsa ga wannan da'awa a cikin wasiƙa. A 1732 saurayin nan ɗan shekara 25 ya fito ya nuna cewa lamba ta gaba, watau mataki na 32 da ƙarin 1, wadda ita ce 4,294,967,297, tana rabuwa sarai: 641 sau 6,700,417. Duk mai kalkuleta a shago ya gwada ya gani. Dabarar da ya bayyana daga baya ita ce, duk abin da zai raba wannan lamba dole ya zama ninkin 64 da ƙarin 1. In ka jera irinsu ka zubar da waɗanda su kansu suna rabuwa, saura 193, 257, 449, 577, sai 641. A gwaji na biyar ke nan ƙofa ta buɗe. Har yau ɗin nan, da duk kwamfutocin duniya, ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya a wannan dangi na Farma ba bayan biyar ɗin farko. Mutum ya ga abu ya faru sau biyar a jere ya ɗauka doka ce, ashe a nan ya tsaya.

Wani abin sha'awa, a wannan shekara ta 1732 wani malaminmu Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya rubuta littafinsa da Larabci a kan yadda ake tsara hatimi, watau gidajen lambobi da kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Shi ma Oila ya yi rubutu a kan irin waɗannan gidaje a 1776. Na kawo wannan ne don masu cewa lissafi ba gadonmu ba ne.

Shekarun nan na farko a Rasha sun fito da sunansa. A 1735 ya warware wata matsala da ta gagari gidan Banuli kaf, a 1736 kuma ya nuna dalilin da ya sa ba za a iya zagaya gadoji bakwai na birnin Konigsbag a bi kowace sau ɗaya tak ba. Amma a cikinsu ne kuma jarrabawa ta fara. A 1735 zazzaɓi ya kusa kashe shi, a 1738 idonsa na dama ya mutu. Shi dai ya ɗora laifin a kan aikin zanen taswirar Rasha da aka sa shi.

Da siyasar Rasha ta dagule, baƙi suka shiga zaman ɗar-ɗar, sai ya amsa gayyatar Sarki Fardarik na Biyu na Furushiya, ya koma Balin ta ƙasar Jamus a 1741. Shekara 25 ya yi a can. Nan ya rubuta manyan littattafan da aka yi ta koyarwa da su a Turai, kuma yawancin alamomin da 'ya'yanmu na sakandare ke rubutawa a lissafi, shi ya ƙago su ko shi ya yaɗa su. Nan kuma ya taɓa wani fanni da malaman ƙasashen Musulmi suka riga Turawa nisa a ciki, watau lambobi aminan juna. Misalinsu 220 da 284. In ka tara duk abin da ke raba 220, ban da ita kanta, za ka sami 284, in ka tara na 284 kuma sai ka sami 220. Sabitu ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a Bagadaza a 901, shi ya fara kafa ƙa'idar nemo su. Kafin Oila, aminai uku kacal Turawa suka sani. Shi kaɗai, zuwa 1750, ya kawo wajen 60. Duk da haka ya tsallake wasu ƙanana da ke gaban hancinsa, 1,184 da 1,210, sai a 1866 wani yaro ɗan Italiya mai shekara 16 ya tsinto su.

Zamansa da Fardarik bai yi daɗi ba. Sarkin yana son mutane masu iya zance da ba'a irin su Baltiya Bafaranshe, Oila kuwa mutum ne mai sauƙin kai, mai riƙo da addininsa, wanda kullum dare yakan tara iyalinsa su yi addu'a. Sarki ya riƙa yi masa shaguɓe da ido ɗayan nan nasa. Da shugaban majalisar masanan Balin ya mutu a 1759, Oila ne ya ci gaba da tafiyar da ita, amma aka ƙi ba shi sarautar. Aiki naka, suna na wani: wannan ma baƙo ya san shi. Abin mamaki, a 1760 lokacin yaƙi, sojojin Rasha suka washe gonarsa da ke bayan Balin, amma da labari ya kai ga kwamandansu sai ya biya shi diyya, sarauniyar Rasha Elizabat ta ƙara masa da kuɗi masu yawa. Waɗanda ake yaƙi da su sun fi mai masaukinsa sanin darajarsa.

Saboda haka da Sarauniya Katarina ta Biyu ta kira shi, ya tattara iyalinsa ya koma San Fitasbag a 1766, yana da shekara 59. Bai daɗe da isa ba yanar ido ta rufe na hagun da ya rage. A shekarar 1771 abubuwa biyu suka auka masa. Gobara ta tashi a birnin ta cinye gidansa, wani ma'aikaci ɗan garinsu Basel ne ya kutsa cikin wuta ya goyo shi ya fitar, aka kuma yi sa'a aka tsirar da yawancin takardunsa. Sa'an nan aka yi masa aikin ido, ya ɗan gani na 'yan kwanaki, ciwo ya shiga, gani ya tafi gaba ɗaya. Dattijo ɗan shekara 64, ba ido, ba gida. Wani da sai ya ce aiki ya ƙare.

To a nan ne fa ya fi ba da mamaki. Allah Ya ba shi hadda irin wadda mu da muka tashi a gaban allo muka san darajarta. Yana iya kawo wani dogon littafin waƙen Latin da ka daga farko har ƙarshe, yana kuma riƙe da dogayen lissafi a zuci ba tare da alƙalami ba. Yakan rubuta manyan haruffa da alli a kan allo, ko ya yi shifta, ɗansa Johann Albrecht da wasu almajirai su rubuta. Littafinsa na aljabara da ya fito a 1770, wani yaron gidansa da ya taɓa koyon ɗinki ya yi wa shiftarsa, kuma kafin a gama yaron ya iya warware lissafin da kansa. Kusan rabin duk abin da ya rubuta a rayuwarsa, bayan komawarsa Rasha ya yi shi, lokacin da gani ya riga ya ƙare ko yana ƙarewa. A 1775 kusan kowane mako sai ya gama maƙala guda.

Yanzu ga lambar tamu. In ka koma kan tsanin nan ka cire 1 maimakon ka ƙara, za ka ga mataki na 2 ya ba da 3, na 3 ya ba da 7, na 5 ya ba da 31, na 7 ya ba da 127, duk gagara-rabo. Sharaɗi ne lambar matakin ita ma ta zama gagara-rabo, amma wannan kaɗai bai isa ba, don mataki na 11 yana ba da 2,047, wadda take 23 sau 89. A 1588 wani ɗan Italiya, Kataldi, ya tabbatar da na 17 da na 19, watau 131,071 da 524,287. A 1644 wani malamin coci a Faris mai suna Marsen, wanda yau ake kiran wannan dangi da sunansa, ya fitar da jerin matakan da yake ganin suna ba da gagara-rabo, har da na 31, amma bai kawo hujja ba. Daga Kataldi aka yi shekara 184 ba wanda ya ƙara taki ɗaya tabbatacce a wannan dangi.

Mataki na 31 shi ne 2,147,483,648. Cire 1, saura 2,147,483,647. Don ka san girmanta, in ka ce za ka ƙirga ta ɗaya-ɗaya, kowace daƙiƙa lamba guda, ba barci ba cin abinci, sai ka yi shekara 68. To yaya za a tabbatar babu abin da ke raba ta?

Sauƙi na farko sananne ne tun da. In lamba tana rabuwa, to ɗaya daga cikin abubuwa biyun da aka buga suka ba da ita dole ya zama ƙarami, kamar yadda a 91 za ka tarar da 7 kafin ka kai 13. A nan 46,341 sau 46,341 ya riga ya zarce lambar tamu, saboda haka ba sai an gwada abin da ya wuce 46,340 ba. Kuma ba duka za a gwada ba, sai gagara-rabon da ke ciki. Amma su ma kusan 4,800 ne, kowanne kuwa doguwar rabawa ce ta lamba mai gida goma, da hannu, kuskure ɗaya ya ɓata duka.

Sai Oila ya kawo rariya biyu. Ta farko ta samo asali daga Farma, wanda ya faɗi ƙa'idar, shi kuma Oila ya kafa mata hujja tun 1736: duk gagara-rabon da zai raba lambar mataki na 31 dole ya zama ninkin 62 da ƙarin 1, watau irin su 63, 125, 187, 249, 311. Ta biyu ita ce, dole kuma in an raba shi da 8 ya bar saura 1 ko 7. Gwada ka gani: 63 ta bar 7, ta tsira, 125 ta bar 5, ta faɗi, 187 ta bar 3, ta faɗi, 249 ta bar 1, ta tsira. Daga nan zagayen yake maimaita kansa kowane 248. Watau abin da ya rage shi ne ninkin 248 da ƙarin 1, ko ninkin 248 da ƙarin 63. Irin waɗannan a ƙasa da 46,340 ba su wuce 373 ba, kuma da yawansu su kansu masu rabuwa ne, ba sai an taɓa su ba. Aikin da ya fara da biliyan biyu ya dawo abin da za a iya gamawa a kan tebur. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya raba ta. A 1772, shekara guda bayan gobara da makanta, ya sanar da haka a wata wasiƙa zuwa ga ɗaya daga cikin 'yan gidan Banuli, aka buga ta a mujallar majalisar masanan Balin.

Ni abin da ya fi burge ni a nan ba juriyar rabawar ba ce, a'a, zaman da ya yi ya gano wanda bai kamata ma a gwada ba. Mai neman ɓataccen buhu a sito, in ya san alamar da ke jikinsa, ba sai ya kwance kowane buhu ba.

A cikin wasiƙar nan kuma ya ba da wani abin wasa da yara za su iya gwadawa. Fara da 41, ƙara 2, ƙara 4, ƙara 6, ƙara 8, haka dai: 41, 43, 47, 53, 61, 71, 83. Guda 40 a jere duk gagara-rabo ne. Ta 41 ɗin ita ce 1,681, watau 41 sau 41, nan wasan ya watse.

Akwai kuma riba ta biyu da lambar ta kawo. Tun zamanin Uƙlidis ake sha'awar abin da ake kira kammalalliyar lamba, wadda in ka tara masu raba ta sai su ba da ita kanta: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 kuwa 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Bayansu sai 496 da 8,128. Uƙlidis ya nuna cewa kowace gagara-rabo ta wannan tsani tana haifar da kammalalliya guda. Ta Oila ta haifi ta takwas a jerin, mai gida 19: 2,305,843,008,139,952,128. A 1811 wani malamin Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya wani ya sake wahalar da kansa neman wadda ta fi wannan, tunda abin sha'awa ne kawai marar amfani.

Ya yi kuskure ta fuska biyu. Ta fuskar nema, a 1876 wani Bafaranshe, Luka, ya tabbatar da mataki na 127, lamba mai gida 39, kuma har yau ita ce mafi girma da aka tabbatar da hannu ba da na'ura ba. An kuma gano Marsen ya yi tuntuɓe: na 67 da na 257 da ya lissafa suna rabuwa, ya kuma tsallake na 61, na 89 da na 107. Daga 1952 kwamfuta ta karɓi aikin. A watan Oktoba na 2024 aka gano ta mataki na 136,279,841, mai gida 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a dangin.

Ta fuskar amfani kuwa, a 1977 wasu masana uku a Amurka suka ƙago wani makullin sirri da aka gina a kan wata ƙa'ida ta Oila. Asirinsa shi ne, buga manyan gagara-rabo biyu da juna abu ne mai sauƙi, amma a ba ka sakamakon a ce ka nemo su, sai ka tsufa. Wannan makulli yana cikin waɗanda ake tsare saƙonnin banki da su a intanet, saboda haka duk ɗan kasuwar da ke tura kuɗin kaya Arewa ta waya yana cin moriyar irin wannan ilmi bai sani ba. Ita kanta 2,147,483,647 tana nan zaune a cikin na'urori, don ita ce iyakar abin da ma'ajin lamba mai gurbi 32 ke iya riƙewa idan an ware gurbi ɗaya don alamar ƙari ko ragi. Tsofaffin kwamfutoci da ke ƙirga daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu, 1970, za su cike wannan adadi ranar 19 ga Janairu, 2038, shi ya sa aka daɗe ana faɗaɗa ma'ajin zuwa gurbi 64. Wannan kam ba don ta gagari rabo ba ne, haɗuwa ce kawai a kan tsani ɗaya.

Matarsa Katharina ta rasu a 1773 bayan zaman kusan shekara 40. A 1776 ya auri 'yar uwarta da suke uba ɗaya, Salome, don ya ci gaba da zama a gidansa ba tare da ya dogara ga 'ya'yansa ba. A 1773 kuma aka aiko masa da wani saurayi daga Basel, Nikolas Fuss, ya zama idonsa da alƙalaminsa, daga baya ma ya auri jikarsa.

Ranar 18 ga Satumba, 1783, ya tashi lafiya lau. Ya yi lissafi a kan allonsa game da yadda balan-balan mai ɗaukar kaya ke tashi sama, abin da aka fara gwadawa a Faransa a shekarar. Ya ci abincin rana da abokin aikinsa Leksel suna tattauna hanyar tauraron Uranus da aka gano a 1781. Da yamma yana shan shayi yana wasa da jikansa, sai jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, kafin tsakar dare ya cika, yana da shekara 76. Aka binne shi a San Fitasbag kusa da matarsa ta fari.

Takardun da ya bari sun yi yawan da majalisar masanan birnin ta yi kusan shekara 50 tana buga su bayan mutuwarsa. Wanda ya bi diddigin rubuce-rubucensa daga baya ya lissafa guda 866. A cikin waɗanda suka makara akwai wata da ba ta fito ba sai 1849, inda ya cike abin da Uƙlidis ya bari tun shekara dubu biyu: ya nuna cewa duk wata kammalalliyar lamba da 2 ke rabawa, daga wannan tsani na Marsen take fitowa, babu wata hanya. Ko akwai kammalalliya wadda 2 ba ta rabawa, wannan tambaya har yanzu tana nan a buɗe.